Dodon Turawa da Tashen Damargu

A ƙarshen watan Oktoba, lokacin da manoman Olelewa da Bakin Birji ke ɗaure dammunan hatsi suna jibgewa a bakin rumbu, wayoyin samarinsu kan cika da wasu hotuna daga Amurka da Turai. Kabewa ce aka fafe, aka yanka mata idanu da haƙora, aka kunna kyandir a cikinta. Yara sun shafe fuska da fari da baƙi, wannan ya zama ƙwarangwal, waccan ta zama mayya, suna bin gida-gida da ƴan jakunkuna ana zuba musu alawa. Bikin Halowin ke nan, na daren 31 ga Oktoba. Yawancin masu kallo a nan hukunci biyu suke yankewa: ko a ce shiriritar masu ƙoshi ce, ko a ce bautar aljanu ce aka yi wa kwalliya. Ban ga abin da zai sa mutumin Damargu ya ari wannan biki ba, kuma ba kiran da nake yi ke nan ba. Abin da nake gani shi ne tarihin Halowin ya shafe mu kai tsaye, domin mu ma muna da dararen da yara ke ɓad da kama su bi gidaje, kuma namu suna ƙanƙancewa a kan idonmu. Abin da ke riƙe da irin wannan al'ada shi ne ƙofar da ake buɗe wa yaron da ba a gane shi ba, da ɗan abin da mai gida yake da shi na ba shi. Turawa sun kusa rasa wannan ƙofa, suka yi dabara suka ceto ta, ko da yake da tsada. Mu kuwa muna barin tamu tana rufewa, muna ɗora laifin a inda ba nan yake ba.

Tushen da aka fi ambata wa Halowin shi ne Sawin, bikin mutanen Ailan na dā, wanda ke faɗowa a farkon Nuwamba. Lokaci ne da aka gama girbi, aka sauko da shanu daga tuddan da suka yi kiwo, aka ware waɗanda za a yanka don ba za a iya ciyar da su har ƙarshen hunturu ba. Makiyayin Belbeji da ke lissafin bisashen da zai kai kasuwa kafin ciyawa ta ƙare ba zai sha wahalar gane wannan ba. Tsofaffin labaran Ailan sun nuna Sawin a matsayin lokacin taron sarakuna da shagali, kuma lokacin da mazaunin iskoki ke buɗewa har su cuɗanya da mutane. Sai dai masanin tarihi Ronald Hutton, a littafinsa na 1996 kan bukukuwan shekara na Birtaniya, ya nuna cewa hujjar da ake kafawa ta cewa Sawin bikin matattu ne tun kafin zuwan Kiristanci ba ta da ƙarfi. Zancen mamata ya fi fitowa daga coci. Fafaroma Giregori na Uku, wanda ya yi mulki daga 731 zuwa 741, ya keɓe wani ɗakin ibada a Rum don tunawa da dukan tsarkakansu, a ƙarni na 9 ranar 1 ga Nuwamba ta kafu a matsayin ranarsu a yammacin Turai, daga baya shugaban gidan ibada na Kuluni a Faransa, Odilo, ya sanya 2 ga Nuwamba ta zama ranar yi wa dukan mamata addu'a. Halowin jajiberin waɗannan ranaku ne.

A nan ne abin da ya fi jan hankalina ya shigo. A Ingila da wasu sassan Turai, talakawa da yara kan bi gidajen masu hali a waɗannan kwanaki, a ba su wani ɗan burodi mai zaƙi, su kuma su yi wa mamatan gidan addu'a. A Sikotlan da Ailan yara kan ɓad da kama, su shafa baƙin tukunya ko su sa tsummoki, su yi waƙa ko wani ɗan wasa a bakin ƙofa kafin a ba su ƴaƴan itace ko kwabo. Fitilarsu wata saiwa ce mai tauri da suke nomawa, suna ƙwaƙule cikinta da wuƙa su sa garwashi ko kyandir. Wato tun asali ciniki ne tsakanin mai abu da marar abu, a daidai lokacin da rumbu ya cika kuma sanyi ke tafe: kai ka kawo addu'a ko dariya, ni in ba ka daga abin da Allah ya hore mini. Ɓad da kamar tana da nata aiki, domin tana sauke wa mai karɓa nauyin kunya, tana kuma hana mai bayarwa zaɓen ɗan wa zai ba.

Yunwa ce ta kai al'adar Amurka. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta lalata dankalin Ailan, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka yi ƙaura, akasarinsu zuwa Amurka. A can suka tarar da kabewa, wadda ta fi saiwarsu girma da sauƙin fafewa. Amma a manyan garuruwan da maƙwabci bai san maƙwabci ba, daren ya rikiɗe ya zama na ɓarna. Samari kan cire ƙyauren shinge, su saki dabbobin mutane, su fasa tagogi, wani lokaci har da cinna wuta. Akwai garuruwan da suka yi tunanin hana bikin ɗungurungum. Garin Anoka na jihar Minesota ya ɗauki wata hanya a 1920: manya suka shirya wa yara jerin gwano da rabon kayan zaƙi don a janye su daga ɓarna. Tun a 1917 aka fara ganin kalmomin da yara ke faɗa a bakin ƙofa, masu nufin a ba su ko su yi ta'adi, a jaridun Kanada. Bayan yaƙin duniya na biyu, da aka daina rabon sukari da ma'auni a 1947, kamfanonin alawa suka shigo da ƙarfinsu. A 2023 ƙungiyar ƴan kasuwar sari da sayarwa ta Amurka ta ƙiyasta cewa za a kashe dalar Amurka biliyan 12.2 a kan bikin. Addu'ar mamata ta ɓace, wasan da yaro ke yi kafin a ba shi ma ya kusa ɓacewa, kayan ɓad da kama na kanti ne. Duk da haka ƙofar tana buɗe: har yau sau ɗaya a shekara Ba'amurke yana kunna fitilar ƙofar gidansa don ɗan baƙon da bai sani ba.

To mu juyo gida. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa an yi asham, yaran ƙasar Hausa kan fito tashe. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda ake haɗa kayan. A samo auduga a liƙa wa yaro a haɓa da ƙaro, ya zama tsoho mai gemu. A cusa masa tsumma a ciki da baya, a ba shi sanda, a naɗa masa tsohon rawanin kakansa har yana rufe masa ido. Wani ya shafa toka da bula, wani ya rataya layu na ƙarya da tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, ganga kuwa tsohon gwangwani ne da aka ɗaure wa baki. Ƴan mata su yi nasu rukunin da ƙwarya a kife cikin ruwa suna kaɗawa, ɗaya ta sa rigar namiji ta zama miji, ɗaya ta zama amarya, a kwaikwayi zaman aure da kishi da rowar mai gida. Su yi sallama a zaure, a ce su shigo. Uwar gida ta kalla ta yi dariya, ta gane muryar ɗan maƙwabciyarta amma ta yi kamar ba ta gane ba, ta ɗebo hatsi a tafin hannu biyu ta zuba musu a ƙwarya, ko ta ba da dala ɗaya ko biyu. Su yi godiya da addu'a su wuce gida na gaba. Babu abin da aka saya a cikin kayan nan, kuma babu wanda aka ba kyauta bai yi wasa ba.

Wasan kuma ba na banza ba ne. Tashe dama ce da al'umma ta ba ƙananan cikinta su faɗi abin da ba a faɗa da rana. Ana kwaikwayon malamin da ke wa'azi yana saɓawa, da boka mai cika baki, da tsohon da ya ƙi girma, da mijin da ba ya cefane. A Kano akwai Nalako, sarkin gwauraye, wanda ke zagayawa da jama'arsa yana kamo mazan da ke zaune babu aure ana yi musu tsiya a bainar jama'a, kuma kowa ya san saƙon. Wasannin kaka ma haka suke. A kalankuwa, bayan an kai amfanin gona gida, samari da ƴan mata kan naɗa nasu sarki da alƙali da sauran masu muƙami, su yi mulkin kwanaki. A Damagaram abin ya kai ƙololuwa a wasan kara, inda ake sarrafa karan hatsi a yi bindiga da tabarau da sauran kayan manya, wani ya fito a matsayin shugaban ƙasa, wani minista, wani babban soja, da tafiyarsu da maganarsu, su kuma masu muƙaman na gaskiya suna zaune suna kallo. Ɗan Damagaram Inusa Useni ya ɗauki wannan wasa a fim a 1980. Idan ana neman abin da ya fi kusa da Halowin ta fuskar lokaci, to waɗannan ne, domin su ne na bayan girbi. Tashe shi yana bin wata ne, yana zagaya shekara.

Me ya rage musu ƙarfi a wuri kamar Damargu? Amsar farko tana cikin rumbu. Wannan ƙasa ita ce ta ciyar da Abzin da ayarin da ke bi tsakanin Kano da Agadas. Baturen nan Barth, da ya ratsa ta a farkon 1851, ya ga yadda mutanen arewa suka dogara da hatsinta. Amma tana bakin iyakar inda ruwan sama ke isar noma, kuma farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun girgiza ta. A 2004 azumi ya faɗo daidai kaka, har daren 31 ga Oktoba ya zo a tsakiyar kwanakin tashe, amma shekarar ce ruwa ya ɗauke da wuri fara kuma ta sauka, abin da ya jawo yunwar 2005 da ta taɓa Tanut ƙwarai. Matar da ke auna tiya tana lissafin ko za ta kai su damina ba za ta zuba hatsi a ƙwarya goma a dare ɗaya ba, kuma yaro yana gane fuskar da aka karɓe shi da ita. Amsa ta biyu tana tashar mota. Kalankuwa da wasan kara suna bukatar samari su zauna a gida bayan girbi, alhali yau da an ɗaure damin ƙarshe sai cin rani: Najeriya, Libiya, Aljeriya, ko ramukan zinariya na Jado tun da aka gano su a 2014. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a ƙasar Olelewa a watan Nuwamba na 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, ta kawo manyan motoci da baƙi da hada-hada a bakin hanya, amma ba ta isa ta tsayar da samarin ƙauyuka a gida ba. Idan manyan yayye ba sa nan, babu mai koya wa ƙanana wasan, babu kuma mai tsawata musu in sun wuce gona da iri.

Za a ce mini ba haka ba ne, wa'azi ne ya kashe waɗannan wasanni, kuma daidai ne da ya kashe su, tun da ɓad da kama da daren azumi shagala ce, wasu ma suna ganin ragowar maguzanci ce. Wannan magana tana da gefen gaskiya. Akwai bukukuwan kaka irin su shan kabewa na ƴan bori, waɗanda tushensu bautar iskoki ce, kuma Musulmi sun bar su da saninsu. Namiji ya sa kayan mata, ko a raba dare ana kiɗa a goman ƙarshe, abubuwa ne da malamai ke da hujjar yin magana a kansu. Amma tashe bai zo daga can ba. A cikin azumi ya tsiro, ana danganta shi da masu tada mutane sahur, kuma ya rayu ƙarni bayan ƙarni a biranen malamai kamar Kano da Katsina da Damagaram. Fatake Hausawa Musulmi ne suka kai irinsa Wagadugu a ƙarni na 19, inda har yau yara ke wasan dodo da dararen azumi. Zabarmawa suna da tobai-tobai. A Kuwaiti da Katar yara kan sa kayan gargajiya su bi gidaje a tsakiyar Ramadan ana ba su gyaɗa da alawa. Al'adar da aka samu a waɗannan wurare duka ba za a kira ta aron Nasara ba. Abin da ya saɓa wa shari'a a cikinta a cire shi, a bar sauran. Kuma da wa'azi kaɗai ne sanadi, da ba mu ga wasan yana raguwa har a gidajen da babu ruwansu da wannan muhawara ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa tashe ya zama bara, ya kuma zama mafakar ɓata-gari. A Kano rundunar ƴan sanda ta dakatar da shi fiye da sau ɗaya a ƴan shekarun nan, saboda ƴan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Ba zan raina tsoron wanda aka tare da wuƙa ba. Taron da babu mai tsara shi yana iya zama bala'i ko babu mugu a ciki, kamar yadda aka gani a unguwar Itawon ta birnin Seul ranar 29 ga Oktoba 2022, inda cunkoson masu bikin Halowin ya kashe mutum 159. Sai dai halin da Kano ta shiga shi ne wanda garuruwan Amurka suka shiga shekara ɗari da suka wuce, kuma abin da ya yi musu magani shi ne manya sun shigo cikin wasan, suka sa masa lokaci da iyaka, suka mayar da shi hannun ƙananan yara tare da rakiya. Hani yana kawar da yaran kirki daga titi ne kawai, ɗan daba kuwa ba ya jiran izini. Game da bara kuma, a duba bambancin da kyau. Mai bara yana miƙa hannu da yunwa a fuskarsa, kullum, ga wanda bai sani ba. Ɗan tashe yana kawo wasa a lokaci sananne, a unguwarsu, kuma ɗan mai kuɗi da ɗan talaka ƙwarya ɗaya suke riƙewa. Inda aka ga yara suna tare motoci a bakin kwalta da sunan tashe babu waƙa babu kwaikwayo, to talauci ne ya ci wasan, kuma hana wasan ba zai taɓa talaucin ba.

Akwai kuma masu cewa babu abin da ya ɓata, wasan ya koma waya ne kawai. Gaskiya ne masu barkwanci a TikTok da Facebook suna kwaikwayon malamai da ƴan siyasa da mazan da ba sa cefane, wasunsu ma da gwaninta. Amma wayar ba ta shiga da yaro zauren maƙwabcinsa. Ba ta koya masa yin sallama, da jiran izini, da tsayawa gaban manya ya yi magana ba tare da rawar murya ba, da raba abin da aka samu tsakanin abokai ba tare da faɗa ba. Ba ta kuma tilasta wa mai gida ya saurari tsiyar da ake yi masa daga bakin yaran da zai gamu da su gobe a masallaci. A ƙauyukan da Hausawa da Dagira da Abzinawa da Fulani ke zaune kusa da juna, inda rikicin gona da burtali kan taso kowace kaka, yaran da suka saba shiga gidajen juna suna fitowa da kyauta jari ne babba ga zaman lafiya.

Na yarda cewa kwatancin yana da iyaka. Halowin wasa ne da tsoro da mutuwa, mu kuwa ba ma wasa da mamatanmu, sadaka da addu'a muke bin su da su, dodo kuma mun bar shi a tatsuniya. Ba na kuma fatan tashe ya bi sawun Halowin zuwa kanti, a wayi gari uba yana sayen fuskar roba daga Sin don ɗansa ya fita. Gemun auduga da tabarau na kara sun fi, domin yaron ne ya yi su da hannunsa, kuma ba sa hana ɗan marar hali shiga. Abin da ya cancanci a ɗauka daga wurin Turawa ɗaya ne: da wasan yaransu ya lalace, gyara shi suka yi.

Gyaran kuma bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma irin Olelewa ba. Masu gari da masu unguwanni su sa lokaci, daga bayan asham zuwa sa'ar da aka yarda, a kwanakin goma ta tsakiya kawai, don a bar goman ƙarshe ga ibada. Kowane rukuni ya kasance da babba ɗaya da aka sani, kuma kada a fita unguwa ko a hau kwalta. Limamai su faɗi abin da za a cire, a cire. Malaman lakol su ware rana ɗaya bayan girbi, kafin samari su watse, a yi wasan kara a filin makaranta, a gayyato tsofaffin da suka iya su nuna yadda ake lanƙwasa kara, gidajen rediyon karkara su ɗauki muryoyinsu tun suna raye. Iyaye mata kuma, idan yara suka yi sallama da gwangwaninsu a azumin bana, a ce su shigo, ko da abin da za a ba su bai wuce dabino uku ba.